Na noma gansakuka don in samu mai, ruwa ya cinye ribar

Noman gansakuka ba shi da wuya. Ka bar ruwa a rana da ɗan taki a ciki, zai yi kore ko ba ka roƙe shi ba. Wannan sauƙin ne ya ja ni, sai kuma abin da na karanta game da ƙananan nau'o'inta, waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita, irin su Chlorella da Scenedesmus: idan yanayi ya yi musu daɗi suna ninka yawansu cikin kwana guda, wasunsu suna tara mai, wanda ake iya mayar da shi dizal, har kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen nauyinsu, kuma ba sa neman ƙasar noma mai kyau. A kan takarda lissafin yana da ban sha'awa. Idan kowace murabba'in mita ta ba da giram 15 a rana, hekta ɗaya za ta ba da kusan tan 55 a shekara. Idan kwatar wannan mai ne, an samu kusan tan 14, alhali kwakwar manja, wadda ta fi kowace shuka ba da mai, tana tsayawa a tan 3 zuwa 4 a hekta a Malesiya da Indonesiya.

Tafkin da na yi irin wanda aka saba ne: dogo, mai lanƙwasa a ƙarshensa biyu, da katanga a tsakiya, an shimfiɗa masa leda mai kauri, ga farfela tana tura ruwan yana zagaye. Zurfinsa bai wuce santimita 25 ba, domin da zarar ruwan ya yi kore sosai haske ba ya ratsa fiye da 'yan santimita na sama. Farfelar ce ke kawo na ƙasa sama su sha rana. Ba a kashe ta, saboda haka kuɗin wuta yana tafiya tun kafin a girbe komai.

Ruwan ya yi kore shar, wanda ya gani sai ya yi mini barka. Ma'auni ne ya faɗi gaskiya. Na ɗebi lita ɗaya na tace, na busar da abin da ya rage a kan takardar tacewa, na ɗora a sikeli: wajen rabin giram. Ba tafkina ne ya gaza ba, haka buɗaɗɗen tafki yake a ko'ina, saboda ƙwayoyin suna tare wa juna haske idan sun yi yawa. Ma'anarsa, kafin ka riƙe kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka sai ka bi ta kan lita 2,000 na ruwa. Kuma abin da kake son cirewa ƙwaya ce da faɗinta bai wuce 'yan maikiromita ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), nauyinta kusan ɗaya da na ruwan, jikinta na ɗauke da caji iri ɗaya da na 'yar'uwarta, don haka suna ture juna, ba sa dunƙulewa su nutse.

A nan na daɗe da biro a hannu. Injin wulwulawa, wanda ke juya ruwa da gudu ya ware abin da ke cikinsa, yana yin aikin tsaf, amma yana cin kusan kilowat-awa ɗaya a kan kowace lita 1,000. Kilo ɗaya ke nan kilowat-awa biyu, wato wajen megajul 7 na wutar lantarki, megajul kuwa ma'aunin makamashi ne. Man da ke cikin wannan kilon, idan kwata ne, giram 250 ne, ƙarfinsa bai kai megajul 10 ba. Ba a lissafa farfela ba, ba a lissafa famfo ba, ba a matse man ba, ba a mayar da shi dizal ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba tun a matakin farko.

Dabarar da kowa ke komawa gare ta ita ce a rage ruwan da hanya mai arha kafin a kai ga inji. Na gwada alif. Yana kashe cajin nan, ƙwayoyin su dunƙule su kwanta a ƙasa cikin ɗan lokaci, ka zubar da ruwan sama, abin da zai shiga inji ya ragu ninki ashirin ko fiye. Sai dai alif saye ake yi, kowane girbi da nasa, kuma sinadarin alminiyom yana maƙalewa a jikin abin da ka girba, ya hana ka sayar da tukar a matsayin abincin dabbobi. Na kuma gwada barin ruwan ya kwanta da kansa. Scenedesmus tana ɗan ba da haɗin kai saboda ƙwayoyinta a jere suke hurhuɗu ko takwas-takwas, Chlorella kuwa sai ka gaji da jira. Wadda ake iya tacewa da ƙyalle kawai ita ce Spirulina, don jikinta zare ne mai murɗewa, amma ita furotin ta tara, kusan kashi 60 cikin ɗari, manta kaɗan ne. Mai sauƙin girbi ba ta da mai, mai man kuma ba ta kamuwa.

Bayan inji abin da ke hannunka kwaɓi ne, kashi 20 cikin ɗari gansakuka, sauran ruwa. Kowane kilo na gansakukar yana tare da kilo huɗu na ruwa, kuma ƙafar da kilo ɗaya na ruwa yana cin kusan megajul 2.3. Sama da megajul 9 ke nan, kusan rabin dukkan ƙarfin da ke cikin busasshen kilon, wanda yake wajen megajul 20. Shanya a rana ba ta cin wuta, amma tana cin fili da hannun ma'aikata, kuma kwaɓin da ya yi kauri yana fara ruɓewa kafin ya bushe. Warinsa ba a mantawa.

Man kansa yana da sharaɗi. Gansakuka ba ta tara mai sosai sai ta shiga ƙunci, musamman idan aka hana ta naitirojin. Da na yanke mata taki sai ruwan ya koma rawaya-rawaya, man ya ƙaru, girman ya tsaya. Alƙaluman da ake yawo da su a tallace-tallace sukan ɗauko saurin girma daga lokacin ƙoshi, su ɗauko yawan mai daga lokacin yunwa, su ninka su tare kamar a rana ɗaya aka same su. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sauran kuɗaɗen a hankali suke zirarewa. Kusan rabin busasshen jikinta kabon ne, don haka kowane kilo yana neman kusan kilo 1.8 na iskar kabon, wadda ba ta shiga ruwa daga sararin sama da saurin da ake buƙata. Na sayi ta tukunyar ƙarfe ina hurawa, kuma a ruwa marar zurfi kaso mai yawa yana fita sama kafin ya narke. Ruwa yana ƙafewa, kowace milimita ɗaya lita ɗaya ce a murabba'in mita, gishiri kuma yana taruwa. Sai wata safiya tafkin ya wayi gari da launin ruwan ƙasa: ƙananan halittun da ake kira rotifa sun shigo sun cinye shi cikin 'yan kwanaki. A wanke, a sake zuba iri, a jira. Wanda ba ya ajiye iri mai tsabta a gefe ya koma farko.

Masu kuɗin da suka fi nawa nesa ba kusa ba sun bi wannan hanyar. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gudanar da shiri daga 1978 zuwa 1996, ta tara nau'o'i kusan 3,000, ta gwada manyan tafkuna a Roswell da ke jihar New Mexico, sannan ta rufe shirin a lokacin da ɗanyen mai ke da arha. A 2009 ExxonMobil ta sanar da shirin zuba har dala miliyan 600 tare da kamfanin Synthetic Genomics na masanin kimiyya Craig Venter, ta janye bayan fiye da shekara goma. Kamfanin Solazyme, wanda ya taɓa sayar wa rundunar ruwan Amurka man gansakuka, ya sauya suna zuwa TerraVia a 2016 ya koma harkar abinci, a 2017 ya karye. Waɗanda suka rayu a sana'ar suna sayar da abin da ake auna shi da giram ne, kamar jan launin astazantin daga nau'in Haematococcus, ko launin beta-karotin daga nau'in Dunaliella a tafkin Hutt na yammacin Ostareliya. Makamashi shi ne abu mafi arha da za a iya fitarwa daga gansakuka, kuma shi ne ke gasa da abin da ake zuƙowa daga ƙasa a shirye.

Abin da na koma yi tsohuwar dabara ce, ta William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun shekarun 1950: a ciyar da gansakuka da gurɓataccen ruwa. Na daina sayen taki, na koma amfani da ruwan da ke fita daga wurin kiwo. Naitirojin da fosforas suna ciki kyauta, gansakuka tana ba ƙwayoyin bakteriya iskar shaƙa, su kuma suna ba ta iskar kabon. Na daina damuwa da tsabtar iri, duk nau'in da ya yi ƙarfi ya zauna, kuma cakuɗaɗɗen yana dunƙulewa ya nutse da kansa fiye da iri ɗaya tal. Abin da ya kwanta ba na busar da shi, a jiƙe nake zuba shi cikin rufaffiyar tukunyar ruɓarwa ya ba da gas, wanda kusan kashi 60 cikin ɗarinsa mitan ne, wato iskar da ke kama wuta. A garin Chiclana na ƙasar Sifen an yi irin wannan a babban mataki, har motoci suka yi tafiya da gas ɗin.

Gas ɗin ba shi da yawa. Bangon ƙwayar yana da tauri, bakteriya ba sa fasa shi duka, kuma yawan furotin yana haifar da amoniya da ke rage musu kuzari, sai an gauraya da tarkacen tsirrai. Akwai hanyar dafa jiƙaƙƙen kwaɓin a zafin digiri 350 da matsi ninki 200 na matsin iskar da muke ciki ya zama ɗanyen mai, amma wannan injin na manyan masana'antu ne. A littafin lissafina yanzu, layin da ke biyan kuɗin farfela shi ne na tsabtace ruwan, gas ɗin kuma ƙari ne a kai. Duk wanda ya zo mini da shirin fitar da dizal daga tafki, abu biyu nake nema ya nuna mini: matsakaicin giram nawa murabba'in mita ta ba shi a rana cikin shekara cikakkiya, har da watannin sanyi da makonnin da tafkin ya mutu, da kuma kilowat-awa nawa ya kashe kafin kilo ɗaya ya rabu da ruwansa.