Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Man silikon mai nauyi da rigimarsa

Makon jiya mun tsaya kan man silikon na yau da kullum, wanda ake cika ido da shi bayan an mayar da tantanin gani, wato retina, mazauninsa. Nauyin wannan mai 0.97 ne idan aka gwada shi da ruwa, don haka tasowa sama yake yi, ya danne tantanin ta sama, ya bar ƙasa ba mai tallafa mata. Yagewar da ke ƙasa, wajen ƙarfe shida in ka ɗauki ido a matsayin agogo, ita ta sa aka ƙirƙiro mai nauyi. Daga cikin irin wannan mai nauyin, Densiron 68 nauyinsa 1.06, Oxane HD kuwa 1.02. Nutsewa suke yi, shi ya sa ba a wahalar da majiyyaci da kwanciyar rub-da-ciki. Zama ko rigingine ya wadatar.

Babbar matsalarsa saurin tsinkewa. Densiron bai kai man da aka haɗa shi da shi kauri ba, saboda kusan kashi 30 cikin 100 nasa wani sinadari ne tsararo mai suna F6H8. Motsin ido na yau da gobe sai ya farfasa shi ƙananan ɗigo-ɗigo. Ɗigon nan su ratso gaban ido, su kwanta a ƙasa fari-fari, wanda bai saba ba ya ɗauka mugunya ce. Su ne ke toshe magudanar ruwan ido, matsin ido ya haura 21 a ma'aunin mmHg, a fara ɗiga maganin sauke matsi irin su timolol ko dorzolamide, in ya ƙi sauka a ƙara da ƙwayar acetazolamide. Su ne kuma ke tayar da kumburi. Maganin kumburin, sitiroyid, shi ma yana iya ɗaga matsin, don haka kowane zuwa sai an auna.

Idan an riga an cire madubin ido, wato lens, ƙaramar hudar da ake yi wa baƙin ido don ruwa ya samu hanya a sama ake yin ta, wajen ƙarfe 12. Mai yin ta a ƙasa don sabo da man da ke tasowa, man da kansa zai toshe masa ita. Wanda madubinsa ke nan kuwa, yanar ido na jiransa.

Tantanin yakan manne ta ƙasa, amma ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin tabo ya koma sama, sai tantanin ya sake ɓallewa daga can. Wajen cirewa ma akwai aiki, domin wani lokacin man yakan liƙe wa tantanin kamar ƙaro, musamman in an bar ragowar fafulorokabon, wato ruwa mai nauyi da ake shimfiɗa tantanin da shi lokacin tiyata, a cikin idon, kuma jan sa da ƙarfi na iya yaga tantanin.

Ana so a cire man kafin ya wuce wata uku. A ganina, majiyyacin da ya taho daga nesa, wanda ba a da tabbacin zai dawo tiyata ta biyu, bai kamata a zuba masa wannan man ba. A tsayar da ranar cirewa da kuɗinta tare da danginsa tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Mako mai zuwa za mu shiga yadda ake zuƙe shi.