Godiyarmu bayan kammala karatun Auta

Alhamdu lillahi. Jiya bayan isha'i baƙin ƙarshe suka tafi, aka naɗe tabarmi, Inna ta samu ta miƙe ƙafa. A madadinta da sauran 'yan gidanmu nake miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana har Auta ta kammala digirinta a fannin gandun daji da kula da namun dawa. Kun san yadda karatun shekara biyar ya yi ta miƙewa, ga korona a 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022. Ba sai na maimaita ba.

Wanda ba zan iya tsallakewa ba shi ne Baba mai kula da lambun renon itatuwa na sashensu. Ya hana a ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, yau kam sai na faɗa.

Binciken Auta na aji biyar a kan tsirowar irin gawo ne. Ƙwayar gawo ɓawonta tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da wuri, shi ya sa a daji wadda ta bi ta cikin akuya ko saniya takan riga tsirowa. Sai ta kasa iri kashi huɗu: wanda ba a taɓa ba, wanda aka zuba wa tafasasshen ruwa bayan an sauke shi daga wuta aka bar shi ya kwana, wanda aka tsoma cikin asid na 'yan mintuna aka ɗauraye, da wanda aka ɗan yanke gefen ɓawonsa da abin yankan farce, nesa da idon da saiwa ke fitowa. Kowane kashi ta shuka shi a leda 100, jimla 400. Suka tsiro gwanin sha'awa. Ana cikin marka a watan Agusta suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke aikin daji mun san wannan ciwo: gindin tsiron daidai bakin ƙasa sai ya jiƙe ya sirance kamar zare, da safe ka tarar ya kife alhali ganyensa kore shar. Cikin kwana biyar fiye da rabi sun tafi, kuma ba lokacin 'ya'yan gawo ba ne, sai rani suke nuna. In babu iri, shekara ta tafi ke nan.

Tana tsugune tsakanin ledojin tana kuka Baba ya zo. Ya ɗebi ƙasar leda ɗaya ya matse a hannu, ruwa ya ɗigo, ya shinshina. Ya ce, "'Yata, takin nan bai ruɓe ba, rumfar ta yi duhu, ga shi kina ban ruwa da yamma a kan ruwan sama." Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara cike da irin gawo da ya tsinta tun rani ya adana cikin toka saboda ƙwari. Nasa ne na kansa, na dashen gonarsa. Ya juye mata duka.

A ranar ya sa aka kwashe ledojin da suka kamu, har da ƙasarsu, aka kai nesa. Aka sake haɗi: kashi biyu ƙasar sama, ɗaya yashin rafi, ɗaya taki wanda ya ruɓe har ya daina wari, aka gasa shi cikin rabin duro a kan wuta don kashe cutar. Aka zuba irin a ruwa aka yar da wanda ya taso sama, galibi shi ne ƙwaro ya huda. Aka rage zanar rumfa iska ta samu hanya, ban ruwa ya koma safiya kawai, shi ma sai in saman ƙasa ya bushe. Ya kuma gargaɗe ta ta riƙa ɗaga ledojin duk mako biyu, don saiwar gawo ƙasa take nufa da sauri, tana huda leda ta kama ƙasa to cirewa sai da rauni. Da wannan shuka ta biyu ta yi ƙidayar tsiro na kwana 28 da awon tsayi da kauri na mako 12, da ita ta kare bincikenta. Allah ya saka wa Baba da gidan Aljanna, ya shirya masa zuri'a, ya sa kowace inuwa da itatuwan nan za su yi ta zame masa sadaka mai gudana.

Muna godiya ga malamin da ya duba aikinta, wanda ya ɗaga mata ranar miƙa kundi ba tare da ya tozarta ta ba. Ga ƙawayenta uku da suka cika leda 400 da hannunsu a yini biyu, Allah ya ba ku mazaje na gari da aiki mai albarka. Kawu na Hadeja, kai ka sauke su gidanka lokacin da suka je ƙidayar tsuntsaye a fadamar Hadeja da Nguru, ka nemo musu mai kwalekwalen da ya san hanya cikin ciyawar kacalla, Allah ya bar zumunci. Goggo, kuɗin adashinki da kika bayar ba mu manta ba.

Akwai 'yan'uwan da tun farko suka ce wane irin karatu ne na itace, mace za ta zama malamar daji? Mun aika musu goron walima, mun ajiye musu wuri har aka tashi. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah ya sa lafiya.

Allah ya jiƙan Abba, shi ya cike mata takardar neman shiga da hannunsa bai ga wannan rana ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Daga cikin tsirran da suka rayu an kai 20 gonar Baba, 10 kuma mun dasa a gonar Abba ta bayan gari, kowanne da shingen ƙaya saboda awaki.