Sanin shanu da farin sani: abin da ajin baftisma ya koya mini

Shekarar da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura ni aikin bishara wani ƙauye a kudancin jihar Katsina. Ikilisiyar ƙarama ce, ranar Lahadi in an cika ba a wuce mutum 70, kuma kusan dukansu Hausawa ne da iyayensu ko su kansu suka fito daga Maguzanci. Aikin farko da dattawa suka ɗora mini shi ne ajin baftisma. Mutum 14 suka ba da suna. Muna haɗuwa kowace Laraba da la'asar, bayan an taso daga gona, a kan bencinan majami'a da rana ta gama gasa kwanonta.

Na zo da littattafan rubutuna cike. Batun ceto kuwa shi ne darasin da na fi ƙwarewa a kai a makaranta. Na iya jera baratarwa (wato Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin marar laifi) da tsarkakewa da ɗaukakawa, kowanne da ayoyinsa, har da kalmominsu na Helenanci. Don haka na tsara tambayoyi 30 da amsoshinsu, na ce duk wanda ya haddace su ya isa shiga ruwa.

Cikin 'yan ajin akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ba ta karatu, kunnenta ɗaya ma ya yi nauyi. Wata uku cur ba ta taɓa fashi ba, amma in na tambaye ta mene ne baratarwa, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, jiya na riƙe shi, yau ya gudu." Da lokacin gwaji ya matso sai na cire sunanta daga takarda. A zuciyata ina ganin kishin gaskiya nake yi, kada a yi wa wanda bai gane ba baftisma.

Rabaran na gunduma ya zo gwaji a kan babur ɗinsa. Ya duba takarda, ya dubi Iya da ke zaune a bencin baya, ya tambaye ni dalili. Na faɗa masa. Bai ce mini komai ba. Ya jawo kujera ya zauna ta gefen kunnenta mai ji, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jikoki da amfanin gona, sannan ya ce, "Iya, kin ce Yesu ya cece ki. To daga me ya cece ki?"

Ta yi shiru jim kaɗan. Sai ta ce 'ya'ya huɗu ta binne tun suna goye. Kowane ya mutu, sai a ce wani iska ne aka ɓata wa rai, a kawo baƙar akuya, a kawo jan zakara. Ta ce, "Rabaran, shekara da shekaru ina bayarwa, ban taɓa sanin ko ya isa ba. Ko barci nake ina lissafin wa na manta. Wannan da nake bi yanzu, shi ya biya da kansa, bai ce in kawo ba. Yanzu in na kwanta, kwanciya nake yi. In tsoro ya zo sai in kira shi, ya san muryata."

Rabaran ya juyo ya ce, "Malam, mayar da sunanta." Da na raka shi bakin hanya sai ya ƙara da cewa in je in zauna da Yohanna 17:3 mako guda, kada in buɗe wani littafin sharhi.

Daren nan na kasa barci. Abin da ya fi damuna shi ne, maganar da Iya ta yi tana nan a Ibraniyawa 2:14-15, inda aka ce Almasihu ya ɗauki nama da jini domin ta wurin mutuwarsa ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya riƙe cikin bauta duk tsawon ransu. Na taɓa rubuta ayar a jarrabawa na ci makinta. Ita kuwa ba ta san akwai wani littafi mai suna Ibraniyawa ba, amma ta faɗi abin da ke ciki daga cikinta, ni kuma na kusa hana ta ruwa.

Na yi yadda Rabaran ya ce. A ayar nan Yesu yana addu'a a daren da za a bashe shi, yana cewa rai madawwami shi ne mutane su san Allah makaɗaici na gaskiya, su kuma san Yesu Almasihu da ya aiko. A da ina ɗaukar rai madawwami kamar wata takardar shiga sama da ake ajiyewa a akwati sai ranar mutuwa. Ga shi Ubangiji da bakinsa ya ce rai madawwamin nan sani ne, kuma sanin da ake farawa tun nan duniya.

Hausa ta taimake ni fiye da yadda na zata, domin harshenmu ya daɗe da rarrabe sani. Akwai sanin shanu: ka ga mutum a kasuwa, ka shaida fuskarsa, wataƙila har sunan garinsu ka sani, amma ba za ka iya kwana gidansa ba. Akwai kuma farin sani, wanda sai an zauna, an ci tuwo tare, an ga juna ranar daɗi da ranar wuya. Shi ya sa magabata suka ce sanin hali ya fi sanin kama. Ibrananci ma haka yake. Kalmar da aka yi amfani da ita a Farawa 4:1, inda aka ce Adamu ya san matarsa Hauwa'u, ita ce annabawa suke amfani da ita in suna maganar sanin Allah, kamar a Irmiya 9:24. Sani ne na zama tare da riƙon alkawari. Yakubu kuwa bai ɓoye ba, a wasiƙarsa sura 2 aya 19 ya ce ko aljanu sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Wato ana iya samun amsar daidai a bakin wanda ba ya ƙaunar Allah ko kaɗan. Wurin da ya fi girgiza ni shi ne Matiyu 7:22-23, inda masu wa'azi da sunan Yesu za su zo da jerin ayyukansu, shi kuma ya ce bai taɓa saninsu ba. Ba arna ake wa wannan gargaɗi ba, irina ake yi wa, masu tsayawa a kan bagade.

Akwai wani abu da Bulus ya yi a Galatiyawa 4:9 da nake so ƙwarai. Ya fara cewa yanzu kun san Allah, sai ya tsaya ya gyara maganarsa, ya ce a'a, Allah ne dai ya san ku. Iya ma ba ta ce ta san muryarsa ba, cewa ta yi ya san muryarta.

Daga nan na daina ɗaukar kalmomin da muke faɗa a majami'a kamar kowa ya ji su yadda nake nufi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa na ransa a kai tare da wasu masu fassara da Hausawan da suka taimake su, bisharar tana tafiya ne da kalmomin da Bahaushe ya riga ya mallaka: ceto, fansa, alheri, tuba. Kowace ta zo da kayanta a ka. In na ce ceto, maƙwabcina Musulmi yakan tuna da ceton ranar ƙiyama, wato roƙon da za a yi wa mutane a gaban Allah. Manomi yakan tuna da wanda ya faɗa rijiya aka zura masa igiya. Wanda ya fito daga gidan tsafi yakan tuna da iskoki. Sai na koyi tambayar mutum abin da ya ji kafin in ci gaba, in kuma yi magana da ladabi a kan abin da maƙwabtanmu suka riƙe, ba tare da na ɓoye inda muka bambanta ba.

Kalmar da ta fi buɗe mini ido ita ce fansa. Wani dattijo a ikilisiyar, wanda kakansa ya yi bauta, shi ya bayyana mini ita wata rana muna ɓare gyaɗa a zaurensa. A ƙasar Hausa bauta ba tatsuniya ba ce, sai a 1936 doka ta kawar da ita gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Ya ce hanya biyu bawa yake fita. Ko dai ya yi murgu, wato ya riƙa nema na kansa yana biyan ubangidansa, yana kuma tara abin da zai fanshi kansa da shi, abin da kan ci shekaru, wani har ya mutu bai gama ba. Ko kuma danginsa su ji inda yake, su tara dukiya, su zo su fanshe shi rana ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wanda ya fanshi kansa yakan fita da girman kai, amma shi kaɗai yake fita. Wanda aka zo aka fansa, gida ake kai shi."

Na daɗe ina juya wannan magana tare da Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Na duba ikilisiya sai na ga da yawanmu murgu muke yi. Wani yana ƙirga zakkarsa da baikonsa, wata tana ƙirga shekarunta a Zumuntar Mata, wani yana riƙe da katin baftisma kamar rasidin biya. Da ciwo ya kwantar da wani dattijonmu, abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, kana ganin abin da na yi ya isa?" Tambayar da Iya ta bari a gidan tsafi ita ce muka shigo da ita majami'a muka sa mata sabuwar riga. Ni ma ina ciki. Tambayoyina 30 ɗin nan kuɗin murgu ne da na yanka wa mutane, kuma nawa kuɗin shi ne yawan waɗanda zan iya cewa na shirya.

Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce ta Allah, ba ladan aiki ba. Karɓar wannan yana wa Bahaushe wuya, kuma dalilin abin yabo ne a al'adarmu: ba mu son a yi mana alheri mu zauna ba mu rama ba. Matanmu sun san wadda ta kawo musu gudummawa ranar biki, suna jiran nata bikin su mayar har da ƙari. To ga kyautar da ba ranar ramawa.

Sai dai na yi wani kuskuren daga baya, kuma ya kamata in faɗe shi. Da na gane wannan, sai na karkata ɗaya gefen. Na sassauta koyarwa, na riƙa maganar alheri kawai, har wani saurayi da aka sa a horo saboda ya ci amanar kuɗin wani ya ce mini ai ni na koya musu cewa aiki ba ya ceto. Na ji kunya ƙwarai. Na koma na karanta masa labarin Zakka a Luka 19. Yesu ne ya fara kiran sunansa yana kan itace, ya shiga gidansa tun bai gyara komai ba. Amma da suka zauna tare, Zakka da kansa ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya yanka masa wannan. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai. Aya ta 10 ta Afisawa 2, wadda nake tsallakewa, ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Na ce wa saurayin, in sarki ya aiko maka da doki, tukuicin da za ka bayar ba kuɗin doki ba ne, kowa ya sani. Amma wanda ya karɓi dokin ya juya baya ya tafi ko godiya babu, ana shakkar ko ya san wanda ya aiko. Ya ɗauki wata biyu kafin ya mayar da kuɗin, kaɗan-kaɗan, ranar kasuwa.

Ban watsar da littattafaina ba, kuma ba na yarda a raina karatu da sunan ruhaniya. Wanda yake ƙaunar mutum yana son jin labarinsa daidai, kuma ikilisiyar da ba a koyar da ita, kowane mai wa'azin arziki da ya zo da lasifika sai ya kwashe ta. Har yanzu ina koyar da baratarwa. Abin da ya canja shi ne mafari: ranar farko ta aji ba na raba takarda, sai in zauna da kowa ɗaya-ɗaya in yi masa tambayar Rabaran. Wasu sukan ce daga giya, wasu daga fushi, wasu su yi shiru su ce ba su sani ba tukuna, kuma waɗannan na ƙarshe nakan fi daɗewa tare da su.

An yi wa Iya baftisma a watan Disamba, a wani kududdufi da ya rage a gindin rafi, hunturu na kaɗawa, matan Zumunta suna waƙa a bakin ruwa da zani a hannu suna jiranta. Damina biyu bayan haka ƙyanda ta ɗauke jikanta ɗaya. Na tafi gaisuwa gabana na faɗuwa, domin na san akwai dangin da za su ce ai ga sakamakon barin gidan kakanni, kuma sun faɗa. Na same ta zaune a kan tabarma, idanunta sun kumbura. Ba ta ce ba ta ji zafi ba. Ta jawo hannuna ta zaunar da ni ta gefen kunnenta mai ji, ta ce, "Malam, karanta mini wurin nan na makiyayi, inda ya ce yana kiran tumakinsa da sunansu." Na buɗe Yohanna 10 na karanta. Da na kai ƙarshe ta ce in sake, a hankali, don wannan karon tana so ta sa sunan yaron a ciki.