Likitan Abinci: Sana'ar da Ake Yi da Ludayi da Sikeli

Kayan buɗe ɗakin ba da shawara kan abinci ba su da yawa: sikeli, ma'aunin tsawo, na'urar gwajin sukari da ta hawan jini, igiyar auna damtsen yara, sai kwano da ludayi da cokali irin na gidajenmu. Babban jarin shi ne karatu, wato digiri a fannin abinci da horon shekara guda a asibiti. Jama'a na ce mana likitan abinci, amma ba ma rubuta magani. Likita ne ke turo majinyaci da takardar gwajinsa, mu kuma mu shiga tukunyarsa.

Zaman farko tambaya ce zalla. Me ka ci tun daga jiya da safe? Wa ke girki? Kwano ɗaya ake ci ko kowa da nasa? Wanda ya tsallake waɗannan ya miƙa takardar "ci wannan, bar wancan", to a aljihu takardar za ta mutu.

Masu ciwon sukari su ne mafi yawan masu zuwa, kuma kusan kowa da labari ɗaya yake zuwa: an hana shi shinkafa da tuwon masara, an ce ya riƙe alkama da acca. Shi kuwa sai ya zauna ya tashi da malmala uku ta alkama, yana mamakin yadda sukari ya ƙi sauka. Alkama da acca ai hatsi ne, a jiki sukari suke komawa. Maganar a yawa take. Sai mu ajiye kwano a gabansa mu raba: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, rabin kwanon ganye, zogale ko alayyahu ko rama ko kuɓewa, ragowar kuma wake, kifi, ƙwai ko awara. Abin da ya fi yi masa ɓarna ma yawanci a kofi yake: koko da sukari, fura, zoɓo, shayi mai kauri, lemon kwalba. Zuma ma, duk da albarkarta, tana ɗaga sukari.

Akwai kuskuren da ya fi wannan haɗari. Mutum yana shan magani ko yana allurar insulin, tsoro ya sa ya daina cin abinci. Sukari ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai karkarwa, gumi da jiri. Nan take a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, in yana iya haɗiya, a sake gwadawa bayan minti 15. Da azumi kuwa muna cewa a jinkirta sahur, kuma in gwaji ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, a karya.

Mai hawan jini gishiri ne matsalarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafi. A rage a hankali, a ƙara daddawa, citta, albasa da tafarnuwa. Shi ya sa muke roƙon maigida ya zo da uwargida, don ita ke riƙe da ludayin.

Sai yara, inda aikin ya fi taɓa zuciya. Daga wata 6 zuwa 59 ana auna damtse da igiya mai launi uku: ja, rawaya da kore. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne. Wannan, ko yaron da ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi a yau, ba gobe ba. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, nan garin kunun Tom Brown ke aiki: mudu 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A tsince, a jiƙa waken a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban, sannan a niƙa tare a tankaɗe. Waken da bai soyu ba yana gafi, yana kumbura ciki. Gyaɗa mai fumfuna a zubar da ita, gubarta hanta take ci. Kunun kuma a dama shi da kauri. Tsararo ciki kawai yake cikawa. Mai son ƙulla garin a leda ya sayar sai ya nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Kuɗin sana'ar daga ganin majinyaci yake zuwa, da bibiyar wata-wata, da sayar da gari. Ba a yin arzikin dare ɗaya, amma akwai rufin asiri. Daɗinta na gaske a ranar dawowa yake. Dattijo ya shigo bayan wata uku da sabon gwajin jini, likitansa ya rage masa magani, ga shi bai rabu da tuwonsa ba. Ko uwa ta kwance goyo, ka zagaya igiya a damtsen da makonnin baya yake rawaya, ka ja ta a hankali, ta tsaya a kore. Kafin ka buɗe baki ita ta riga ta gani, tana ta hamdala.