Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wurin Da Na Tsaya

Makon jiya na yi alkawarin labarin aurena, amma ku yi mini haƙuri. Kwana biyun nan maganar Kawu ke yi mini yawo a ka, in ban sauke ta ba babu abin da zan rubuta ya yi daɗi.

Kun san Kawu, malamin da ke karantar da almajirai a zaure; ni kuwa makaho ne. Da Yaya ya sayo mini kwamfutar hannu 'yar gwanjo a 2012, wurinsa aka fara kai ta don ya sa albarka. Ya sa, wannan ba zan hana masa ba. Sai ya tambaye ni me zan yi da ita. Na ce karatu, Kawu, akwai littattafai a ciki da murya, har sun fi na takarda sauƙi. Ya yi shiru, can ya ce: "In makaho ya rasa ido, sai ya ce ido na wari. Ji ai ba karatu ba ne, ɗana." A gaban almajiransa ya faɗa. Wasu suka yi dariya, kuma har yau ina gane muryar kowannensu.

Abin da ya sa maganar ta zauna mini, a lokacin ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Mai karatu da ido yana da iko a kan littafinsa. Ya tsaya inda ya so, ya koma layin baya, ya sa tsinken tsintsiya a shafi ya rufe, gobe ya ɗora. Ni kuwa murya ce ke gudu ina bin ta.

Zamanin kaset ban san wannan wahala ba. Kaset ɗin C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma inda ka kashe rakoda nan zaren yake tsayawa. Ka cire shi ka jefa a jaka, bayan wata guda ka mayar, zai ɗora daga kalmar da ya bari. Da haka na saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello, wanda Baba ya ɗauka daga Rediyon Kaduna. Inna ce ta ɗinka mini jakar kasakasan, ta kuma manna wa gefen farko na kowanne ɗan gam don yatsana ya gane.

Kwamfuta ba ta zo da wannan hali ba. Littafi guda zai zo maka ko dai fayil ɗaya mai awa goma sha, ko kuma gutsattsari arba'in a folda. Masu gutsattsarin ma da tasu fitinar: wata manhajar sai ta jera su 1, 10, 11, 12, har 19, sannan ta zo kan 2, ka ji mutumin da aka haifa ɗazu har ya yi jikoki. Maganinta shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya da F2, madannin sauya sunan fayil, kana sa musu sifili a gaba, 01, 02, 03. Na yi wannan aikin a kan littattafan LibriVox da yawa, wato waɗanda 'yan sa-kai suke karantawa kyauta tun 2005.

A manhajojin kunna sauti, Winamp na fara riƙewa, kuma har gobe ina ganin girmansa. Madannai biyar ne a jere a ƙarƙashin hannun hagu: Z ya koma fayil na baya, X ya kunna, C ya dakata, V ya tsayar, B ya wuce gaba. Kibiyar hagu ta mayar da kai daƙiƙa 5. Ctrl da J kuma ka rubuta mintin da kake so ya kai ka. Sai dai a yadda yake zuwa, in ka rufe shi fayil kawai yake tunawa, minti kuwa ya tafi. Don haka a ka nake riƙe lissafi: fayil na kaza, minti kaza. Wata rana ina tsakiyar wani babi aka kira salla, na danna C na fita. Kafin in dawo Auta ya rufe komai ya sa ƙwallo. Da na yi magana Inna ta ce, "Ai yaro ne, ka sake kunnawa mana." A gidan nan kuwa, da wani zai zare tsinke daga littafin Kawu, da ranar babu mai cin tuwo cikin kwanciyar hankali. Nawa wurin da ya ɓata babu wanda ya ɗauke shi hasara, tunda ji ba karatu ba ne.

Ga abin da na so in gaya wa Kawu. Manhajar da ke karanta mini allo, NVDA, makafi biyu ne suka gina ta a Ostireliya, Michael Curran da James Teh. An fara ta a 2006, kuma kyauta suke bayarwa, alhali JAWS, wata manhajar mai irin aikinta, ɗaruruwan daloli ake saye. Su ba su ce ido na wari ba. Zama suka yi suka buɗe wa irina ƙofa.

Da VLC 2.2, shi ma na kunna sauti, ya fito a 2015 da damar ɗorawa daga inda aka tsaya, na yi murna ƙwarai. Amma tambayar da yake yi, ko a ci gaba, a saman allo take fitowa ta ɓace, ni kuma NVDA ɗina bai faɗa mini ita ba. Sai da wani abokina mai gani ya lura. Muka shiga saiti da Ctrl da P muka sa ya riƙa ɗorawa kullum ba tare da tambaya ba. Abin da na fi so a VLC shi ne matakan tsallakensa: Shift da kibiya daƙiƙa 3, Alt da kibiya daƙiƙa 10, Ctrl da kibiya minti ɗaya, Ctrl da Alt da kibiya minti 5. Na farkon na kalmar da ta kuɓuce ne, na biyu na jimla, na ƙarshe na daren da barci ya sace ka. Ana iya ƙara wa mai karatu sauri ba tare da muryarsa ta sirance ba. Labari nakan ƙara masa sauri, fiƙihu kuwa ban taɓa ba. Alamomin da ake sawa da Ctrl da B, su ne ban yarda da su ba, don in ba ka adana jerin fayilolin ba, kana rufewa sun tafi.

Wannan Alt da kibiya ya tuno mini da 2019, shekarar da yanar ido ta hana Kawu gani kafin a yi masa aiki. Littattafansa na nan jere, ba ya iya duba ko ɗaya. Goggo ta aiko a kira ni. Na zauna a gefen buzunsa, kwamfuta a cinyata, na kunna masa karatu. Ba a yi nisa ba ya ɗaga murya: "Ɗana, ɗan mayar da shi baya, ban kama ba." Na mayar daƙiƙa 10. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce tsaya nan, na danna, ya maimaita jimlar a bakinsa sau biyu, ya gyara wa mai karatun wani wasali, sannan ya ce mu je. Haka fa yake yi wa almajiransa shekara da shekaru: a biya, a tsaya, a maimaita. Shi kansa a bakin malaminsa ya ɗauki ilminsa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye, don ba a yi wa babba haka yana cikin lalura. Da idon ya buɗe ya koma kan takardunsa, bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma janye abin da ya faɗa a zaure ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Na yafe, amma ina jin zafin rashin faɗa masa.

Yanzu foobar2000 nake amfani da shi. Ba shi da ado, kuma madannan tsallake kai za ka saita abinka. Amfaninsa shi ne za ka iya sa madannin ya yi aiki ko kana cikin wata manhaja, don haka ina rubutu a Notepad ina tsayar da littafi ba tare da na bar shafin ba. Ctrl da Shift da E, NVDA ya gaya mini mintin da nake, da R kuma ya faɗi abin da ya rage. Shi foobar2000 yana ɗorawa daga inda na rufe shi, amma in batir ya mutu ba a rufe shi da kyau ba, sai a hankali. Shi ya sa nake da fayil guda da nake rubuta sunan littafi, lambar fayil da minti kafin in tashi. Sannan Insert da Shift da D na sa muryar littafi ta yi ƙasa duk lokacin da NVDA zai yi magana, maimakon su riƙa karo a kunnena.

Wannan fayil ɗin da duk saitina wani mai gyara ya taɓa goge mini. Madanni biyu suka lalace na kai masa, shi kuma ya share komai ya sa sabuwar Windows ba tare da ya tambaye ni ba. Da na ce ina littattafaina, ya ce wa Auta, ba ni ba, "Na ɗauka waƙoƙi ne yake ji." Ina tsaye a gabansa. Kuɗinsa ya karɓa cif. Tun daga ranar nake ajiye kwafin NVDA da na foobar2000 da fayil ɗin wuraren tsayawata a filashi, ɗaure da makullin ɗakina. NVDA na filashi ba ya rage muryar littafi, sai wanda aka girka a kwamfuta, amma yana isa in tashi aiki a kowace na'ura na samu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar aure, da yadda dangin Amarya suka aiko a bincika ko ina da sana'a.