Kwana biyar a gareji saboda tof silinda

Jama'a satin nan kaf a gareji na ƙare, ga damina ta sauka mutane sai kira suke a zo a yi musu haro. Taraktar tamu Massey Ferguson 375 ce mai injin Perkins 4.236, silinda huɗu, tun baba na da rai take ciyar da gidanmu shi yasa in ta kwanta hankalina baya kwanciya.

Ran Litinin direba ya kira wai tana farin hayaƙi kuma ruwan lagireto sai raguwa yake. Ina zuwa na duba baƙin mai, wallahi ya koma kamar shayi da madara. Bakanike ya buɗe murfin lagireto aka tada ta sai ga kumfa na ta tasowa, yace Alhaji gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof (murfin saman injin) da jikin injin. Nace to Oga a sa sabo a rufe mana mu koma gona, yace a'a, injin da ya yi zafi haka sai an auna tof ɗin tukuna. Raina bai so ba a lokacin amma gaskiyarsa ce, don da aka sauke tof ɗin ya kankare shi ya ɗora ƙarfen awo a kai ya zura fila gej (siririn ƙarfen auna rata) ta ƙarƙashi, sai gashi tana wucewa ta tsakanin silinda na biyu da na uku. Ya lanƙwashe. Da sabon gasket muka sa a haka da ko sati ba zai yi ba.

Muka kai wajen masu injin gyaran fuska, suka fara duba ko ya tsage musamman tsakanin mazaunin bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), Alhamdulillah lafiya lau, sannan suka ɗan share fuskar kaɗan. Kuma ba a son a ci da yawa, don a injin gas fistin na zuwa dab da tof, in an zaftare dole a sake auna zurfin bawul kar su haɗu da fistin. Gasket da bawul na salansa guda biyu da suka cinye a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano na siyo.

Abin da ya fi burge ni girandin ɗin bawul ne, wato goge bawul da mazauninsa don su zauna daidai, guda takwas, ɗaya bayan ɗaya bakanike yana murzawa da tafin hannu kamar mai burga miya har sai zobe mai toka-toka ya fito zagaye ba yankewa, ya zuba kananzir ya jira ya ga ko zai ɗiga. Kowane bawul da ramin sa, ya jera su a jikin kwali don kar a cakuɗa.

Wajen ɗaure tof ɗin na dage sai da tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba wannan saka fayif a sifana a ja da ƙarfi ba, daga tsakiya ake farawa a dinga fita gefe, a hankali zagaye uku. Tafet kuma, wato ratar da ake bari a saman bawul, 0.30mm aka saita injin na sanyi.

Asalin ciwon ashe lagireto ne, ƙaiƙayi da ƙura sun toshe shi, ga fanbel ya saki. Muka wanke, muka canza mai da filta. Jiya Asabar ta shiga gona, hayaƙin ya ɗauke, jibi zan mai da ta a sake duba ɗaurin da tafet.