Inuwar labulen taga ta fito da kaifi

'Yan uwa masu koyon haske, daren jiya inuwar labulen taga mai tsaga-tsaga da nake nema a hoto ta fito! Layuka baƙaƙe a bango, gefensu kamar an yanka da reza, sun ratsa kafaɗa da rabin fuska. Na ji daɗi ba kaɗan ba, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina bin hotunan fim ɗin Double Indemnity na 1944 ne, waɗanda ɗayanku ya tsakuro ya tara mana, aikin mai ɗaukar hoto John Seitz. Na yanka kwali tsaga-tsaga na kafa gaban faffaɗar fitilar LED, sai inuwar ta fito a dame, toka-toka. Na ƙara ƙarfin fitila, na rage, na sake yanka kwali da tsaga masu faɗi, duk jiya iyau. Ashe kaifin inuwa ba ruwansa da ƙarfin haske. Faɗin fuskar fitilar ne matsalar: kowane gefe nata yana jefa tasa inuwar, su hau kan juna su cinye bakin layin.

Dole na sayi fitila mai gilashin Fresnel, wato gilashi mai zobe-zobe da ke tattara haske, irin wadda aka riƙa amfani da ita a Hollywood tun shekarun 1930. Kuɗinta ya yi mini zafi sosai, har yanzu ina jin sa a aljihu. Ga takaici kuma: na murɗa ta ta tattara haske wuri guda, ina jiran kaifi, sai ga inuwa da laushinta. Na kusa mayar da ita. Sai da na murɗa ta baya ta baza haske, nan layukan suka miƙe tsaf. Idan an tattara, gilashin gaba ɗaya ke cika da haske, ya zama babbar fitila. Idan an baza, ƙwan yana matsowa kusa da gilashi, daga bango ɗan ɗigo kawai ake hangowa. Ku tsaya inda inuwar za ta faɗa ku ɗan saci kallon fitilar, za ku gane nan take.

Daga nan na ja fitilar can baya, na kawo kwalin dab da wanda nake ɗauka. Ninka nisa sau biyu yana mayar da haske kashi ɗaya cikin huɗu, don haka na buɗe idon kyamara. Ya cancanci hakan.

Shirin da na yi na soma da gyara inuwar hanci a fuska kafin in zo kan layukan bango duk ya cakuɗe, yanzu tare nake yin su. Farin bangon da ke gefe yana dawo da haske ya cika mini duhun fuska, sai na rataya baƙin yadi, ɓangaren ya nutse yadda nake so. A ganina nan ne gwanintar mai ɗaukar hoto John Alton take a fim ɗin T-Men na 1947: fitilu 'yan kaɗan, duhu kuwa a bar shi ya zama duhu.

Saura ƙurar da ke sa a ga sandunan haske a iska. Seitz garin alminiyom ya watsa, abin da ba zan shaƙa ba, injin hayaƙi zan aro. Wanda ke da hotuna masu kyau na jiƙaƙƙun titunan Vienna da Robert Krasker ya ɗauka a fim ɗin The Third Man na 1949, don Allah ya ƙara mana a tarin, ina so in gano daga ina yake haska su.